Hunturun Turai A Idon Masu Zane Da Masu Ɗaukar Hoto

Jawabin da aka gabatar a zaman ƙara wa juna sani na taron shekara-shekara



Batun da zan yi magana a kai shi ne yadda masu zane da masu ɗaukar hoto suka adana kamannin sanyin ƙasashen ƙanƙara cikin shekaru ɗari shida da suka wuce. Na san wani zai ce, ina ruwan biri da gada? Mu da ko a tsakiyar muku-mukun sanyi ba mu taɓa ganin kogi ya daskare ba? To amsar ita ce, mu ma'aikatan gwamnati mun san darajar fayil. Abin da aka rubuta, aka sa masa kwanan wata, shi ne ke magana bayan mai shi ya yi ritaya. Waɗannan hotuna wani irin fayil ne wanda ba da biro aka rubuta shi ba. Masu kallo da yawa kyaunsu kawai suke gani. Amma wanda ya iya karanta su zai ga wa ya ji daɗin sanyin, wa ya ji jiki, zai kuma ga yadda yanayin duniya ya juya. Roƙona guda ne: a duk hoton da zan ambata, ku riƙa neman mai ɗauke da itace.

MENE NE DASKARARRIYAR RAƁA?

Mu a nan mun san ɗari, mun san jaura, mun san hazon watan Disamba da Janairu mai tsattsaga leɓe. Ƙanƙara kuwa mun san mai faɗowa tare da ruwan sama, mun san ta cikin firji. Su mutanen Turai abu uku suke fama da su. Na farko dusar ƙanƙara, wadda ke zubowa daga sama kamar sheƙaƙƙiyar auduga. Na biyu ruwan kogi ko tafki da ya sandare. Na uku daskararriyar raɓa, wadda ba daga sama take zuwa ba.

Malamanmu na kimiyya suna zaune, in na kauce sa gyara mini. A daren da sama ta yi garau, babu gajimare babu iska, ƙasa takan saki zafin da ta kwasa da rana. Idan sanyin ganye ya sauka ƙasa da digiri sifiri, sai tururin ruwan da ke cikin iska ya manne masa ya zama 'yan ƙananan allurai farare, ba tare da ya fara zama ruwa ba. Gari na wayewa sai a ga gona kamar an barbaɗe ta da gishiri. Abin sha'awa ne ga mai kallo, amma ga manomi abin kuka ne, domin ruwan da ke cikin ganyen ma daskarewa yake yi, shuka ta mutu. Har ila yau, ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, sai ya fi ruwan da bai daskare ba rashin nauyi. Shi ya sa kogi ke daskarewa daga sama, kifi na yawo a ƙasa, mutane na tafiya a bisa.

LITTAFIN BASARAKE

Masu zanen Turai sun daɗe ba su kula da hunturu ba. Ɗaya daga cikin tsofaffin zane-zanensa da suka yi suna yana cikin wani littafi da 'yan'uwa uku, 'yan gidan Limbourg, suka fara ƙawata wa wani basaraken Faransa mai sarautar Berry wajen 1412. Su ukun da basaraken duk sun rasu a 1416, wasu ne suka ƙarasa aikin daga baya. Littafin yana gidan tarihi na garin Chantilly. Kowane wata yana da shafinsa. A shafin Janairu, ga basarake zaune a gaban tebur cike da abinci, ga ƙatuwar wuta a bayansa, ga barori suna hidima. Da an juya zuwa Fabrairu sai a faɗa ƙauye. Dusar ƙanƙara ta rufe amya da rufin garken tumaki. Talakawa uku sun ɗage tufafinsu suna jin ɗumi. A waje wani yana sarar itace, wani kuma yana kora jaki da kayan itace zuwa gari. Sanyi ɗaya ne, shafi biyu ne, amma duniya biyu ce. Ga mai itacenmu na farko ke nan.

MAFARAUTAN BRUEGEL

Zanen da ya fi kowane suna a wannan fanni shi ne "Mafarauta Cikin Dusar Ƙanƙara" na Pieter Bruegel Babba, wanda ya yi a 1565 a ƙasar da yau ake kira Beljiyam. Wani attajirin birnin Antwerp, Nicolaes Jonghelinck, shi ya sa aka yi masa alluna shida masu nuna lokutan shekara. Biyar sun tsira. Wannan yana birnin Vienna na ƙasar Ostiriya, faɗinsa santimita 162, tsayinsa 117, a kan katako aka yi shi.

Mafarauta uku ne suka dawo daga daji, sun juya mana baya, kawunansu a sunkuye, ƙafafunsu na nutsewa. Karnukansu sun rame, sun sunkuyar da kai su ma. Duk wannan gayya, yanyawa guda ɗaya tak suka samo. A hagu, mutane sun hura wuta a ƙofar wani masauki wanda allon sunansa ya tsinke ta gefe guda yana reto. Can ƙasan tudu tafkuna sun daskare, yara da manya suna zamiya da takalma masu ƙarfe a ƙasa. Nan ne idon yawancin masu kallo ke tsayawa. Amma ku dubi gefen dama. Ƙafar injin niƙa mai aiki da ruwa ta sandare, ƙanƙara ta naɗe ta, wato babu niƙa ke nan. Can nesa bututun hayaƙin wani gida ya kama wuta, mutane na gudu da tsani. A kan wata 'yar gada kuma ga mace ita kaɗai, ta sunkuya ƙarƙashin damin itace.

Bruegel ba ƙirƙirar sanyin ya yi ba. Hunturun 1564 zuwa 1565 yana cikin mafi tsanani da aka gani a wannan ƙarni, har kogin Scheldt da ke ratsa Antwerp ya daskare. Amfanin gonar 1565 bai yi kyau ba, yaƙi tsakanin Denmak da Suwidin kuma ya toshe hanyar da jiragen hatsi ke bi daga tekun Baltik. Hatsi ya yi tsada. A 1566 tarzoma ta ɓarke a ƙasar, daga 1568 aka shiga yaƙin shekara tamanin da Sifen. Rikicin addini da na mulki ne tushen wannan yaƙi, amma ciki mai yunwa bai iya haƙuri ba.

A shekarar ta 1565 Bruegel ya yi wani ƙaramin zane mai tarkon tsuntsu. Tsohon ƙyaure ne aka tokare da sanda, aka zuba tsaba a ƙarƙashi, igiya ta bi zuwa tagar wani gida. Duk wanda ya taɓa kafa wa kurciya ƙwarya yana yaro ya san wannan dabara. Tsuntsaye na ci ba su san me ke kansu ba. A gefe guda mutane na wasa a kan kogi, ga rami a ƙanƙarar kusa da su, su ma ba su kula ba. Mutane sun so wannan zane har aka kwafe shi fiye da sau ɗari, da yawa a shagon ɗansa.

ƘARAMIN ZAMANIN ƘANƘARA

Malamanmu na labarin ƙasa sun san sunan wannan lokaci. Wani masani mai suna François Matthes ne ya fara kiransa Ƙaramin Zamanin Ƙanƙara a 1939, ana kuma ƙirga shi daga wajen 1300 zuwa 1850. Manyan dalilansa biyu ne. Na farko duwatsu masu aman wuta, waɗanda hayaƙinsu ke hawa sama ya tare hasken rana. Alal misali, dutsen Huaynaputina na ƙasar Peru ya fashe a 1600, yunwa ta biyo baya a Rasha daga 1601 zuwa 1603. Dutsen Tambora na Indunusiya ya fashe a 1815, Turai da Amurka suka kira 1816 shekarar da ba ta da bazara. Na biyu, ita kanta rana ta ɗan yi sanyin jiki, musamman daga 1645 zuwa 1715. Abin da ya kamata mu riƙe shi ne, matsakaicin zafin da ya ragu bai kai digiri ɗaya ba. Amma a wannan zamanin ne sanyin 1709 da yunwar da ta biyo shi suka kashe mutanen da aka ƙiyasta sun kai 600,000 a Faransa kaɗai.

A Holan aka sami Hendrick Avercamp, wanda ya rayu daga 1585 zuwa 1634. Bebe ne, ana yi masa laƙabi da Beben Kampen, sunan garinsu, kuma hunturu shi ne sana'arsa. A babban zanensa na wajen 1608, wanda ke Amsterdam, akwai mutane kusan ɗari biyu a kan ƙanƙara: attajirai da kwalliyarsu, samari da 'yanmata riƙe da hannun juna, masu buga ƙwallo da sanda, da wanda santsi ya kwashe. Amma a kusurwar hagu ga mushen doki da sanyi ya kashe, kare da hankaki suna ci. Holan ƙasa ce da hanyoyin ruwa suke zaman tituna. In sun daskare, jirgin hatsi da na makamashi sun tsaya ke nan. Mai hali ya sami hutu, ɗan dako ya rasa na tuwo.

KASUWA A KAN KOGIN TEMIS

A Landan kuwa, idan kogin Temis ya daskare sai a ci kasuwa a kansa. An yi haka a 1608, da 1683 zuwa 1684, da 1716, da 1740, da 1789, sannan na ƙarshe a 1814. Abraham Hondius ya zana daskararren kogin a 1677. A sanyin 1683 zuwa 1684 kogin ya yi wata biyu a sandare, kaurin ƙanƙarar ya kai santimita 28. An kafa rumfuna layi-layi, an gasa sa sukutum, kekunan doki suna kai da kawowa. Masu injin ɗab'i suka kawo injinansu suna buga wa mutane sunayensu a kati don tunawa, har Sarki Charles na Biyu ya sa aka buga masa. Masu fito, da sana'arsu ta tsaya, sai suka koma karɓar kuɗin shiga kan ƙanƙarar. Faɗuwar wani tashin wani. Amma John Evelyn, wanda ya ga abin da idonsa ya kuma rubuta a littafin ajiyarsa, ya ba da labarin ɗaya ɓangaren: tsuntsaye da kifaye da dabbobi sun mutu, makamashi ya yi tsadar da sai da aka yi wa talakawa karo-karo, hayaƙin kwal kuma ya turnuƙe gari har numfashi ya yi wuya. A kasuwar ƙarshe, cikin Fabrairun 1814, kwana huɗu kawai aka yi, amma har giwa aka ja ta tsallake kogin.

To me ya sa Temis ya daina daskarewa? Mai gaggawa zai ce duniya ce ta yi zafi, shi ke nan. Wannan rabin amsa ne. Tsohuwar gadar Landan tana da ginshiƙai masu kauri da ƙananan ƙofofi 19. Gutsattsarin ƙanƙara kan toshe su, ruwa ya kwanta kamar na madatsa, kwantaccen ruwa kuwa shi ke saurin daskarewa. An buɗe sabuwar gada mai manyan ƙofofi a 1831, aka rushe tsohuwar, daga baya aka gine gaɓar kogin ya ƙara gudu. Shi ya sa ko a 1963, da Ingila ta ga sanyin da rabonta da irinsa tun 1740, kogin bai daskare a tsakiyar Landan ba.

SHAIDA SAI DA TAMBAYA

Wannan ya kawo mu ga gargaɗi. Hoto shaida ne, amma ko a kotu sai an yi wa shaida tambayoyi. A 1970 wani masanin yanayi, Hans Neuberger, ya duba zane-zane fiye da 12,000 a gidajen tarihi 41, ya tarar waɗanda aka yi tsakanin 1550 da 1849 sun fi yawan gajimare da duhu. Wannan ya yi daidai da tarihi. Amma kuma yayin zanen hunturu a Holan ya ja baya bayan wajen 1665, alhali shekarun 1690 suna cikin mafi sanyi. Masu saye ne suka koma son wani abu dabam, inda baki ya karkata kuwa nan yawu kan zuba. Shi kansa Bruegel ya dasa tsaunuka masu tsini a bayan mafarautansa, alhali ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce. Tsaunukan Alps ne da ya gani a hanyarsa ta zuwa Italiya. Haka a Japan, gwanin zane Hiroshige ya binne ƙauyen Kambara cikin dusar ƙanƙara wajen 1833, alhali wurin yana bakin teku mai ɗumi inda da wuya take zuba. Saboda haka mai karanta hoto sai ya san abin da mai zane ya gani da abin da ya ƙara.

ƘARNI NA 19

A ƙarni na 19 masu zane sun fara duban ita ƙanƙarar kanta. Bajamushe Caspar David Friedrich yana ɗan shekara 13, a 1787, ƙaninsa ya nutse a ruwa, ya rasu. Da kogin Elbe ya daskare a hunturun 1820 zuwa 1821, Friedrich ya je ya zana fasassun allunan ƙanƙarar da kyau. Daga nan ya yi "Tekun Ƙanƙara" a 1823 zuwa 1824: alluna sun hau kan juna kamar rusasshen gini, sai an lura sosai za a ga gindin jirgin ruwan da suka murƙushe. Babu mai wasa a ciki, babu ma mutum. Har ya rasu ba a sami mai saye ba. Yau yana birnin Hamburg.

A Faransa, Claude Monet ya fita cikin sanyin 1868 zuwa 1869 ya zana wani tsuntsu baƙi da fari, ɗan'uwan hankaka, zaune kan ƙyauren shinge. Alƙalan babban bajekolin Paris suka ƙi karɓar zanen a 1869. Abin da ya bambanta shi, inuwar da ke kan dusar ƙanƙarar shuɗiya ce maimakon baƙa. Monet ne ke da gaskiya: wurin da rana ba ta kai ba, hasken shuɗin sama ne ke sauka a kai. Abokinsa Camille Pissarro kuma a 1873 ya zana ita daskararriyar raɓar kanta a kan kunyoyin wata gona kusa da Pontoise. Da aka nuna shi a 1874, wani ɗan jarida ya yi masa ba'a cewa ragowar fenti ne aka kankaro aka shafa a kan ƙyalle mai datti. Wa ke tsakiyar gonar? Wani manomi ne da sanda, da damin itace a bayansa. Shekara 460 ke nan bayan littafin basarake, sarakuna sun zo sun wuce, salon zane ya sake sau da yawa, amma mai itace yana nan bai sauke ba.

ZUWAN KYAMARA

Ɗaukar hoton ƙanƙara a farkon zamanin kyamara jan aiki ne. A kan allunan gilashi masu nauyi ake ɗauka, sinadaran wanki suna daskarewa, farin ƙanƙara kuma yana kashe hoto da haske.

Wani manomi a ƙauyen Jericho na jihar Vermont a Amurka, Wilson Bentley, ya haɗa kyamara da madubin nan na ɗakin kimiyya mai ƙara girman abu. A ranar 15 ga Janairu, 1885, ya ɗauki hoton ƙwayar dusar ƙanƙara guda ɗaya. Yakan tare ta a baƙin allo, ya ɗaga ta da tsinke, yana riƙe numfashi kada ta narke. Ya ɗauki fiye da 5,000, mafi yawansu da kusurwa shida, bai sami biyu iri ɗaya ba. Ya kuma ɗauki raɓa da daskararriyar raɓa a jikin ganye da gilashin taga. Littafinsa ya fito a 1931, a watan Disamban shekarar ciwon huhu ya kashe shi bayan ya yi tafiyar ƙasa cikin guguwar ƙanƙara. Shi ma an yi masa tambaya irin ta shaida: masanin yanayi Bajamushe Gustav Hellmann ya zarge shi da gyara hotunan, domin yakan kankare gefen kowace ƙwaya a jikin gilashin don ta fito fes.

A birnin New York, Alfred Stieglitz ya tsaya awa uku cikin guguwar dusar ƙanƙara ranar 22 ga Fabrairu, 1893, yana jiran abin da zai ɗauka. Abin da ya samu shi ne direban keken doki yana kutsawa cikin iska. A wani hoton na wannan lokaci, wani direban ne ke shayar da dawakinsa, tururi na tashi daga jikinsu. Waɗannan su ne jikokin mai itace: mutanen da ba su da halin zama a ɗaki in gari ya ɓaci.

Sai Frank Hurley, mai ɗaukar hoton tawagar Ernest Shackleton zuwa Antaktika, can ƙuryar kudancin duniya. Ƙanƙara ta kama jirginsu Endurance a Janairun 1915. Cikin dogon daren hunturun wurin, Hurley ya jera fitilun walƙiya kimanin 20 ya ɗauki jirgin, igiyoyinsa duk sun yi fari da daskararriyar raɓa. Ƙanƙara ta murƙushe jirgin a Oktoba, ya nutse ranar 21 ga Nuwamba. Kafin nan Hurley ya shiga cikin ruwan da ya cika jirgin ya ciro allunan gilashinsa. Ba za su iya ɗaukar duka ba, sai shi da Shackleton suka zaɓi kimanin 120, suka farfasa kimanin 400 nan take don kada zuciya ta raya musu komawa. Duk mutum 28 na jirgin sun tsira, hotunan ma sun tsira. Abin da Friedrich ya zana da tunani, Hurley ya ɗauka da kyamara shekara 90 bayansa. An gano gawar jirgin a Maris 2022, a zurfin mita 3,008.

ABIN DA TSOFAFFIN HOTUNA KE NUNAWA YAU

Ga inda fayil ya yi ranarsa. A kan manyan tsaunuka akwai kogunan ƙanƙara, wato dusar ƙanƙarar shekara da shekaru da ta taru ta dunƙule tana rarrafowa ƙasa a hankali. Caspar Wolf ya zana na Grindelwald a Siwizalan a shekarun 1770, don kyau kawai. Yau masana suna tsayawa daidai inda ya tsaya, su auna inda bakin ƙanƙarar yake a zanensa da inda ya koma. A Alaska, William Field ya ɗauki kogin ƙanƙara na Muir a 1941. A 2004 Bruce Molnia ya koma wurin ya sake ɗauka. Inda ƙanƙara ta cika kwari, sai ga ruwan teku da itatuwa. Ta ja baya fiye da kilomita 12.

Afirka ma tana da nata. Da Johannes Rebmann ya ba da labarin ƙanƙarar da ya gani a ƙololuwar Kilimanjaro a 1848, wasu masana a Landan suka ƙaryata shi, wai ba ta yiwuwa kusa da tsakiyar duniya. Da sauran matafiya suka je suka gani, musu ya ƙare. Gani ya kori ji. Amma tsakanin 1912 da 2007, kamar yadda taswirori da hotunan sama suka nuna, kashi 85 cikin 100 na ƙanƙarar dutsen ta tafi, saboda bushewar iska da ƙaruwar zafi. A Holan kuwa, jikokin mutanen Avercamp suna da tseren zamiya na kusan kilomita 200 ta garuruwa goma sha ɗaya, wanda sai ƙanƙara ta kai kaurin santimita 15 ake yinsa. Daga 1909 an yi shi sau 15, na ƙarshe ranar 4 ga Janairu, 1997. Rahoton masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya na 2021 ya ce zafin duniya a shekarun 2011 zuwa 2020 ya ɗara na 1850 zuwa 1900 da kimanin digiri 1.1. Ku tuna abin da ƙasa da digiri ɗaya ya yi wa mutanen Bruegel.

KAMMALAWA

Iyayena malamai da 'yan'uwa, mu ba ƙanƙara ke auna mana yanayi ba, ruwa ne da itace. Hotunan tauraron ɗan'adam sun nuna Tafkin Chadi yana da faɗin kusan murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, farin shekarun 1970 da 1980 ya tsuke shi zuwa ƙasa da kashi ɗaya cikin goma, kafin ya ɗan farfaɗo. Ba don an ɗauki na farkon an ajiye ba, da sai a yi ta musu. A can ma, wanda ya fara jin jiki shi ne masunci da makiyayi da mai noman rani, kamar yadda a Turai mai itace ne.

Saboda haka ga 'yar shawara. Kusan kowannenmu, musamman malamanmu, yana da tsofaffin hotuna a akwati. An ɗauke su ne don fuskokin mutane, amma a bayan fuskokin akwai rafi, da fadama, da kuka, da gonakin da yau suka zama unguwanni. A fito da su, a rubuta wuri da shekara a bayan kowane tun masu iya tunawa suna raye. Sannan a koma daidai wurin, a watan da aka ɗauki na farko, a sake ɗauka. Wolf da Field ba su san wa zai amfana da aikinsu ba, sun dai bar shi da suna da shekara.